Makarantar Jibarish ta Kawu Na-Sani

Ƙanina mai gyaran rediyo ne, kuma tsakani da Allah hannunsa yana da kyau. Bakinsa ne dai sai addu'a. Tun yana yaro ba a taɓa gaya masa abu ya ce yau ya fara ji ba. Ka ce masa an yi ruwa a wani gari, sai ya ce, "Ai na sani." Ranar da matarsa ta haifi 'yan biyu, ungozoma ta fito da gudu ta yi masa albishir, abin da ya ce mata ke nan. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da sunan yanka. Na-Sani ake ce masa. 'Ya'yana ma Kawu Na-Sani suke cewa, yana kuma amsawa da fara'a.

Shagonsa ɗan ƙarami ne a ƙasan benen Hajiya, tsakanin shagon Mai Aski da kantin Mai Magani. Da shi yake ci da iyalinsa, ba shi da wani abu bayansa. Mai Aski kuwa ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan shagon, so yake a fasa bango ya ƙara kujeru. Kullum ya je gaida Hajiya sai ya saka zancen. Ita kuma amsarta ɗaya ce: "Muddin yaron nan yana sana'arsa, ba mai taɓa shi."

Ana nan sai haƙori ya kama Na-Sani, kumatu ya yi suntum. Ni na raka shi asibiti. Likitar haƙorin wata yarinya ce mai natsuwa, an ce a waje ta yi karatu. Ta yi masa allurar kashe baki, ta cire haƙorin, ta cusa masa auduga. Mutum mai hankali sai ya ɗaga hannu ya yi godiya ya fita. Shi kuwa sai ya ga wannan ce ranar da zai gwada Turancin da yake tsinta a rediyo. Ya gyara tsayuwa, ya dafa ƙirji, ya saki jawabi da mataccen harshe da baki cike da auduga. Abin da ya fito kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa.

Likita ta dubi nas ɗinta ta yi murmushi, ta faɗi wani abu da Turanci. A bakin ƙofa Na-Sani ya tare nas da alamar tambaya. Ita kuma tana danne dariya ta ce, "Cewa ta yi Jibarish kake yi."

A mota bai ce uffan ba har muka iso gida. Na yi hamdala, na ɗauka ciwo ne ya koya masa shiru.

Washegari da sassafe sai ga shi a ƙofata, ido yana ƙyalli.

"Yaya, kin san abin da ya faru jiya kuwa?"

"An cire maka haƙori."

"Wannan ƙaramin abu ne. Me Turawa suke ce wa yarensu?"

"Ingilishi."

"Ingilish. Na mutanen Sifen, Sifanish. Na Turkiyya, Tokish. Duk yaren da kika ji ya ƙare da ish, babban yare ne mai ƙasa da tuta. To ni Jibarish na yi. Likita da bakinta ta shaida, kina tsaye."

"To wace ƙasa ce ke yin sa?"

"Jibar mana."

"A ina take?"

"Idan kika ƙetare teku, kika sake ƙetare wani, sai ki yi hannun hagu."

Na ce masa, "Yaushe ka koya, kai da ko tasha ba ka cika zuwa ba?"

Ya dube ni da tausayi. "Yaya, shekara nawa ina murɗa rediyo? Wannan ƙarar da ake ji tsakanin tasha da tasha, kin ɗauka iska ce? Yare ne. Ya yi ta shiga kunnena yana taruwa a bayan haƙorin nan. Da aka cire, sai ya ɓalle."

Na ce, "Allah Ya sawwaƙe." Ya ce, "Amin," yana zaton addu'ar ƙarin basira na yi masa.

A gida ya fara gwadawa. Ya tsuguna gaban 'yan biyu, waɗanda a lokacin ko "Baba" ba su iya faɗa daidai ba, ya ce musu, "Shangwal bulunguf?" Ɗaya ya ce, "Gagaga." Ɗayar ta ce, "Bubu," ta ja masa gemu.

"Kin ji?" ya ce wa matarsa. "Sun amsa! A jini yake."

Uwar Biyu tana wanki ta ce, "Me suka ce?"

"Sun ce na yi daidai."

"Ni kuwa na ji kamar cewa suka yi madara ta ƙare."

Kafin mako ya zagayo ya kwashe rediyoyin mutane ya jibge a bayan shago, ya aro bencina, ya sa Mai Fenti ya shafe allon gyaran rediyo ya rubuta BABBAR MAKARANTAR JIBARISH. Mai Fenti ya tambaye shi ko a ƙara zanen tutar ƙasar. Ya ce a yi ta kore da ja, a sa agwagwa a tsakiya.

Hajiya ta sauko daga bene tana dogara sanda, ta tsaya ta daɗe tana kallon agwagwar.

"Kai yaro, na ba ka shagon nan don me?"

"Don gyaran rediyo, Hajiya. Amma Allah Ya ɗaga ni."

"Ya ɗaga ka ka bar rediyon marigayi maigidana a ƙasa? Tun yaushe na ba ka shi?"

"Yana nan lafiya, Hajiya, hutawa yake yi."

"To saurara. Ba na hana mutum neman ilmi. Amma ranar da za ka buɗe makarantar nan, ka kawo mini mutum guda mai hankali ya shaida a gabana cewa kana yin wannan yare. In babu, ka miƙa wa Mai Aski makulli."

"Ai na sani, Hajiya. Likita da kanta za ta zo."

Mai Aski, wanda ya bar kan mutum rabi da kumfa ya fito sauraro, ya koma ciki yana fito.

Tun kafin ranar buɗewa ɗalibai suka samu. Direba ya shiga don yana da burin tuƙa mota a ƙasar waje, kuma Na-Sani ya ce masa a Jibar titi ba rami. Mai Gadi ya shiga don bencin makarantar ya fi nasa inuwa. Mai Aski ma ya shiga, shi dai don ya riƙa auna faɗin shagon da ido.

Ranar farko aka koyi ruwa. "Bulunguf," in ji malam. Aka maimaita har Mai Magani ya rufe tagarsa. Washegari ya ɗaga kofi ya ce, "Shangwal."

Direba ya ɗaga hannu. "Malam, jiya ka ce bulunguf."

"Na jiya ruwan Talata ne."

"Na yau fa?"

"Ruwan Laraba. Yaren yana da zurfi, Direba. Ba tuƙi ba ne."

Mai Aski ya ce, "Malam, yaya ake cewa 'ba ni makulli'?"

"Babu wannan a yaren. Mutanen Jibar ba sa kulle ƙofa."

"Yaya ake cewa maƙaryaci?"

"Wanzam," in ji Na-Sani, bai ko ɗaga kai ba.

Sai kuma wata damuwa ta taso. Da bakinsa ya warke, yaren ya fara guduwa. In ya buɗe baki sai Hausa ta riga fitowa. Ya yi nazari ya gano sirrin: auduga. Ya shiga kantin Mai Magani ya kwashe duk wadda ke kan kanta. Kafin kowane darasi sai ya juya baya ya cusa a kumatu. Ya ce wa ɗalibai wannan shi ne karin harshen babban birni.

Ran nan da hantsi wata babbar mota ta tsaya a bakin layi. Wani dogon baƙo ya sauko yana dafe da kai, yana magana da wani yare da ba wanda ya taɓa ji. Yara suka ruga suna ihu, "Na-Sani! Na-Sani! Ga ɗan ƙasarku ya zo!"

Na-Sani ya fito yana cusa auduga. Layi ya cika. Baƙo ya yi magana, ya nuna kansa. Na-Sani ya amsa da dogon zance har da karkata wuya. Baƙo ya ƙara dafe kai ya runtse ido.

"Me ya ce?" in ji Direba.

"Aski yake so. Tal-kwabo."

Mai Aski bai yarda da malamin ba, amma ya yarda da ciniki. Aka ja baƙo aka zaunar, aka ɗaura masa ƙyalle a wuya. Bawan Allah ya ɗauka kujerar jira ce, ya jingina ya lumshe ido. Mai Aski ya kunna inji ya ratsa tsakiyar kan tun daga goshi har ƙeya.

Ƙarar da mutumin nan ya yi ba ta bukatar tafinta. Ya zabura, kujera ta kife, madubi ya faɗo ya tsage gida biyu. Ya fito da ƙyalle a wuya da titi a tsakiyar kai, sai idonsa ya faɗa kan kantin Mai Magani. Ya shiga ya nuna ƙwayar ciwon kai da yatsa. Mai Magani ya miƙa masa ba tare da an yi ko kalma ba. Ya haɗiye, ya nuna Na-Sani ya faɗi wasu kalmomi masu nauyi, ya hau motarsa.

"Me ya ce yanzu kuma?" in ji Mai Gadi.

"Godiya yake yi. Ɗan kudancin Jibar ne. Su in sun ce aski, magani suke nufi."

Mai Aski yana riƙe da rabin madubi ya ce, "Allah Ya kai mu ranar buɗewa."

Da yamma Uwar Biyu ta shigo wurina, goyo a baya, ɗaya a kafaɗa. Ba ta ko zauna ba hawaye ya zubo.

"Yaya, ki yi masa magana. Masu rediyo sun fara zuwa suna kwashe kayansu. In shagon nan ya tafi, da wane yare za mu ci abinci?"

Na je na same shi yana goge agwagwa da tsumma. Na ce ya ji tsoron Allah ya dubi yaran nan, ya je ya ba Hajiya haƙuri tun da sauran dama. Ya ce, "Yaya, ke dai taya ni da addu'a." Na ce ai ita nake yi, sai dai ba irin wadda yake so ba.

Shi da ƙafarsa ya koma asibiti ya gayyato Likita. Ya ce wa nas mutanen layi ne suke so su karrama Likita. Ita kuma baiwar Allah ta ɗauka taron wayar da kai ne a kan tsabtar baki, har ta ce za ta zo da buroshi ta raba wa yara.

Ranar buɗewa aka share ƙofar shago, aka jera bencina har bakin kwata. Na-Sani ya haɗa lasifika da hannunsa, kuma ita kam ta yi aiki, don har layi na uku ana ji. Hajiya ta zauna a gaba a kujera mai hannu. Mai Aski ya zo da sabon kwaɗon kulle ƙofa a aljihu, yana ta fito da shi yana hura masa iska.

Likita ta yi latti, sai aka fara da gwajin ɗalibai. Na-Sani ya ɗaga kofin ruwa.

"Bulunguf!" in ji Mai Gadi.

"Shangwal!" in ji Direba.

"Yau Asabar, jahili!"

"Wa kake ce wa jahili? Kai da kake barci a aji?"

"To faɗi ruwan Asabar in ka isa!"

Suka juya ga malam. Malam bai tanadi ruwan Asabar ba. Ya ce duk sun ci, a tafa musu. Ana cikin tafi Direba ya cafki kwalar Mai Gadi, benci ya ɗaga, mutum huɗu suka zube ƙasa. 'Yan biyu suka fashe da kuka. Na-Sani ya ce a lasifika, "Kun ji, taken ƙasar suke rerawa."

Sai ga Likita da jakarta. Na-Sani ya faɗa shago da sauri. Saboda girman baƙuwa, ya ninka audugar. Ya fito kumatu kamar ya ɓoye ƙwallo biyu, ido ya firfito, ya kama makirfo ya fara jawabin maraba. Yawu yana zuba, jijiyar wuya ta miƙe.

Likita ta yar da buroshin da ke hannunta.

"Innalillahi! Kumburin ya dawo? Tun yaushe yake haka? Ku zaunar da shi!"

Ya ɗaga hannu zai yi bayani, bayanin ya fito da Jibarish. Direba da Mai Gadi suka manta da faɗansu suka danne malaminsu a kan benci. Ta sa safar hannu, ta ce ya buɗe baki, ta leƙa. Ta sa yatsu biyu ta jawo auduga. Ta sake jawowa. Ta yi ta jawowa tana tarawa a cinyarsa, jama'a suna kallo, har wata tsohuwa a baya ta ce, "Wannan ai katifa ya haɗiye."

"Malam, mene ne wannan?"

"Karin harshe ne, Likita."

Hajiya ta buga sanda a ƙasa. "'Yar nan, matso. Ke ce kika ce yaron nan yana yin wani yare wai shi Jibarish?"

Likita ta dubi allo, ta dubi agwagwa, ta dubi Uwar Biyu da ke tsaye a gefe ta haɗa hannu a ƙirji. Nan take ta gane. Ta sassauta murya ta ce, "Hajiya, ko za mu ɗan shiga daga ciki?"

"A'a!" in ji Na-Sani. "A gaban kowa za a faɗa. Masu hassada su ji da kunnensu." Ya ɗauki makirfo ya kanga mata a baki.

Ta yi ajiyar zuciya, layi uku suka ji.

"Jibarish ba yaren kowa ba ne. Kalma ce da Turawa suke faɗa idan magana ba ta da kai ba ta da gindi. Sambatu ke nan. Soki-burutsu. Mai zazzaɓi yana yi, mai magagin barci yana yi, jarirai suna yi. Ko babban mutum ya cika zance da manyan kalmomi har aka kasa gane inda ya dosa, sai su ce Jibarish yake yi. Ran nan bakinsa a mace yake, shi ya sa na faɗa."

Direba ne ya fara magana, murya a sanyaye. "Likita, ƙasar Jibar fa?"

"Babu ita."

"Titin da ba rami?"

"Wannan kam ban san inda yake ba."

Na-Sani ya miƙe, auduga ta zube. "To ish ɗin fa? Ish ɗin da ke ƙarshe?"

"Ana jin don tsokana aka liƙa shi, don ta yi kama da sunan yare. Asalin kalmar ma masana ba su gama tabbatarwa ba. Yawancinsu sun ce kwaikwayon ƙarar surutu ne, yadda baki ke yin jaba-jaba. Wasu kuma sun ce daga sunan wani masanin zamanin da ne, wanda aka kasa gane rubutunsa. Ta dai fi shekara ɗari huɗu a bakinsu."

Dariyar da aka yi ranar, Allah Ya yafe mana, har da ni. Mai Magani ya riƙe ciki ya durƙusa. Mai Fenti yana ta rantsuwa shi dama agwagwar ba ta kwanta masa ba. Uwar Biyu kaɗai ba ta yi ba. Tana kallon Mai Aski, wanda ya tako gaban Hajiya ya shimfiɗa tafin hannu.

"Makulli."

Na-Sani ya laluba aljihu. Sai kuma ya tsaya cak.

"Hajiya, me kika ce ran nan? Mutum guda mai hankali ya shaida ina yin Jibarish. Likita, don girman Allah, ina yi ko ba na yi?"

Likita ta ciji leɓe. "Kana yi."

"Da kyau ko ba kyau?"

"Gaskiya ban taɓa jin wanda ya kai ka ba."

"Kun ji!"

Hajiya ta yi dariya har sandarta ta faɗi, ta goge ido da gefen mayafi. Mai Aski yana ta cewa, "Wannan zamba ce, Hajiya, zamba ce!" Ta ɗaga masa hannu.

"Ɗauko mini rediyon marigayi."

Aka tono shi daga ƙarƙashin tarkace, duk ƙura. Ta kunna. Ya ce shhhh, ƙrrr, bulululu.

"Wannan ma ɗalibinka ne?"

"A'a, Hajiya."

"To ni Hausa na ba ka shi yana yi. In an kira la'asar bai dawo da ita ba, makulli na Mai Aski ne. Kuma a nan za ka yi, a gaban kowa, baki a rufe."

Ya zauna a kan bencin makarantarsa, ya kwance bayan rediyon. Ba wanda ya tafi. Tunda uwarmu ta haife shi ban taɓa ganin ya yi shiru mai tsawon haka ba. Ya hura, ya goge, ya ɗiga dalma a wata 'yar waya. Mai Aski yana kallon rana, Uwar Biyu tana motsa leɓe, ni ma haka. Ladan ya fara gyaran murya ke nan sai rediyo ya yi tari sau ɗaya, wata mace ta fito tar tana karanta labarai.

Mai Aski ya mayar da kwaɗonsa aljihu. "Madubina fa?"

"Zai biya," in ji Hajiya, ta rungumi rediyon kamar jariri. "Kuma kafin gobe a yanka mini agwagwar nan."

Bayan an watse muna kwashe bencina, Na-Sani ya matso kusa da ni yana murmushi.

"Yaya, kin dai ji Likita. Shekara ɗari huɗu. Kuma ba wanda ya kai ni, ni da ko aji ban shiga ba."

Na ce, "Ka dai san saura ƙiris yaran nan su kwana da yunwa?"

Ya buɗe baki. "Ai na..."

Uwar Biyu ta sunkuya ta ɗebo audugar da ke ƙasa, cike da hannu, ta tako ta tsaya a gabansa.

Ya haɗiye sauran.